Hoton Da Hambali Bai Gani Ba

Zaituna tana zaune a tsakar gidansu da ke Mandawari, da hantsi, tana tsefe wa 'yarta Larai kai, sai aka yi sallama a zaure. Yayanta Isyaku ne ya fita. Bai jima ba ya dawo ya tsaya a bakin rijiya, ya ƙi kallonta.

"Mijinki ne ya dawo," in ji shi. "Amma ki natsu kafin ki fita."

Ba ta natsu ba. Ta fizgi mayafi ta nufi zaure, ƙafarta ko takalmi babu.

Shekara ta uku ke nan ana yaƙin basasa, kuma tun farkonsa rabon Zaituna da Hambali. Bafulatani ne daga wani ƙauye a ƙasar Ɓaɓura. Ciwo ya cinye shanun gidansu, ya shigo birni yana dako a kasuwar Kurmi. Mahaifin Zaituna ya yaba da hankalinsa, ya ga 'yarsa ma tana sonsa, ya ɗaura musu aure. Amma da tsohon ya rasu, sai mahaifiyarta, Inna Dije, ta sako shi gaba da gori, wai 'yarta ta ƙare a hannun ɗan dako. Hambali bai taɓa mayar mata da magana ba. Ranar da ya ji ana ɗaukar soja ya je ya shiga layi, ya kawo matarsa da jaririyarsu gidan Inna, ya ce zai dawo da abin da ba za a ƙara raina shi ba.

Yanzu ga shi a kan tabarma, kakin ya yi masa yawa, da baƙin tabarau a fuska da sanda a gefe. Wani kofur da ya rako shi ya yi bayani a taƙaice: bom ne ya tashi kusa da shi, an yi jinya a asibitin soja a Kaduna, rai ya tsira amma idanu sun tafi. Gida za a kai shi wajen tsohuwarsa, motarsu sai gobe da azahar. Kofur ya yi sallama ya tafi bariki.

Hambali ya karkata kai wajen ƙofa. "Zaituna ce. Na gane takunki."

Ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Malam."

"Ina yarinyar?"

Ta jawo Larai daga bayanta. Da yarinyar ta ga baƙin tabarau da hannun da ke lalube a iska, sai ta tsala ihu ta ruga cikin gida. Hambali ya mayar da hannunsa kan gwiwa a hankali.

"Ƙyale ta," ya ce. "Ai ba ta san ni ba."

Zaituna ta koma ciki don ta haɗa masa abinci, sai Inna ta kira ta ɗaki.

"Na ga kin fara harhaɗa kwanuka. Ina za ki?"

"Inda zai je, Inna."

"Ƙauyen da ko famfo babu? Ki je ki zama 'yar jagora, shekarunki ashirin da 'yan kai? Wa zai yi noma? Wa zai ciyar da ke da 'yar nan? Ni na haife ki, Zaituna, ba zan zuba ido ki je ki lalace ba."

"Inna, da idonsa ya bar gidan nan. Kuma kin san abin da ya fitar da shi."

Fuskar Inna ta sauya. Ta ce, "To, ni ce ke nan na makantar da shi. Madalla. In kin bi shi, ki sani ba da yawuna ba."

Wannan maganar ita ce ta karya Zaituna. Ta taso a gidan da ba a tsallake maganar uwa. Ta fita ta zauna a gindin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama, hawaye na ɗiga a toka.

Bayan la'asar Inna ta tura Isyaku zaure. Zaituna ta laɓe a bayan ƙofa tana ji. Isyaku ba mugu ba ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana jaje, yana maganar ƙaddara, kafin ya kai ga abin da aka aiko shi.

Hambali ya saurare shi har ƙarshe. "Yaya, ka huta da wahala. Tun ina asibiti na yi wannan tunanin. Ni da kaina ba zan so ta ƙare rayuwarta tana riƙe min sanda ba. Gobe kafin mota ta tashi zan sawwaƙe mata a gabanka. Abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi."

"A ɗauke ni hoto da yarinyar."

Isyaku ya ce, "Hoto kuma? Ka yi haƙuri, Hambali, amma me zai—"

"Ba don ni ba. Za ta girma a gidan wani. Ranar da ta tambayi yadda ubanta yake, a sami abin nuna mata."

Inna ta yarda, amma da sharaɗi: kada Zaituna ta fito a hoton. Ba ta so gobe wani mai nema ya shigo ya ga matar da zai aura kafaɗa da kafaɗa da wani.

Washegari da safe suka fita. Isyaku na riƙe da hannun Hambali, Zaituna na biye da Larai a goye, an sa mata rigar salla. Situdiyon ɗaukar hoto da mutanen birni suka saba zuwa yana Sabon Gari, amma tun rikicin da ya rigayi yaƙi mai shi ya gudu Gabas, ƙofar na garƙame har yau. Wanda ya rage shi ne wani dattijo, Malam Jibrin, da ke zama a inuwar darbejiya a hanyar Goron Dutse. Da situdiyo suka yawaita ya jingine tsohon akwatinsa, da suka rufe ya sake kakkaɓe shi.

Akwatin katako ne a kan ƙafafu uku, da gilashi a gaba mai murfi, da wani baƙin hannun riga a gefe. A jikin bango ya rataye labule mai zanen furanni, rana ta cinye launinsa. Ga benci, ga bokitin ruwa.

"Wannan ba irin kyamarar zamani ba ce, soja," in ji Malam Jibrin yana gyara masa wuyan riga. "In na cire murfi, ba motsi sai na mayar. Ko ƙuda ya sauka a hancinka, ka bar shi ya ci kasuwarsa."

Aka ɗora Larai a cinyar ubanta. Ana cire murfi ta fara zillo tana miƙa hannu wajen uwarta. Malam Jibrin ya zura hannu cikin baƙin hannun rigar, ya daɗe yana motsa takarda a cikin ruwan magani, yana leƙawa ta wata 'yar kafa. Da ya fito da ita sai ya girgiza kai. Inda Larai take hayaƙi ne kawai.

"Sai an riƙe ta. Malama, shiga bayan labulen nan ki zuro hannu ta ƙasa ki riƙe ƙugunta. In ta ji hannunki za ta zauna, ke kuma ba za ki fito ba."

Zaituna ta durƙusa tsakanin bango da labule. Ta zuro hannu ta kama 'yarta, yarinyar ta lafa. Bayan hannunta yana taɓa cikin Hambali, sai ta ji duk jikinsa yana rawa, irin rawar mai zazzaɓi, alhali muryarsa tun jiya ba ta girgiza ba.

"Soja, cire tabarau, yana ƙyalli," in ji mai hoto. "Yawwa. To dubo nan. A'a, nan. Ka yi hagu da yawa. Dawo kaɗan. Ka wuce."

Wasu masu wucewa suka tsaya kallo. Wani ya yi 'yar dariya.

"Malam," Hambali ya ce a hankali, "ɗauka kawai a yadda nake. Ban san inda nan ɗin yake ba."

Zaituna ta saki Larai. Ta ɗaga labule ta fito, ta zauna a benci daf da mijinta, ta sa tafin hannu biyu ta juyo da fuskarsa saitin gilashi. Karon farko ke nan da ta ga idanun ba tabarau, da tabon da ya ratsa har kunne. Ba ta kau da kai ba. Ta ɗauki Larai ta ɗora ta a tsakaninsu.

"Zaituna," in ji Isyaku, "kin san abin da Inna ta ce."

"Na sani, Yaya. Amma in na ɓuya a bayan labule yau, gobe wa zai nuna masa gabas in zai yi salla? Baba ne ya damƙa ni a hannunsa, kana wurin. Bai ce sai in yana gani ba."

"Tashi, Zaituna," Hambali ya ce. "Ba ki san abin da ke gaba ba. Ba ni da komai sai fansho, shi ma ban san ranar zuwansa ba."

"Da na aure ka me kake da shi? In ka furta kalmar nan, Malam, ka furta, amma a motar da za ka shiga zan shiga. Sai ka kore ni a gaban tsohuwarka."

Malam Jibrin ya dubi Isyaku, hannunsa a kan murfi. Isyaku ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ɗauka, Baba."

Babu wanda ya motsa, har Larai.

Takardar farko ta fito a juye, fuskokinsu fari fat, farin mayafin Zaituna baƙi ƙirin. Malam Jibrin ya ɗauraye ta a bokiti, ya manna ta a wani ɗan allo a gaban gilashi, ya sake ɗaukarta. Ta biyun ce ta fito daidai. Ya miƙa ta tana ɗigar ruwa, ya ce a riƙe ta gefe har ta bushe.

Hambali ya shafa gefen takardar da yatsa. "Faɗa min abin da ke ciki. Kada ki rage."

"Ka rame. Tabon ya fito sosai. Hularka ta ɗan karkace." Ta ƙara duba hoton. "Yarinyar ta kama babban yatsanka."

"Na ji ta," ya ce. Sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka kwance masa bandeji.

A gida, Zaituna ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ta faɗi abin da ta yi, ta roƙi gafara da albarka. Inna ta juya fuska bango. Isyaku ya shiga ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, ya fito ya ce ta dai yarda ba za ta yi baki ba, amma ba za ta fito ba. Zaituna ta jira a ƙofar har aka kira azahar. Da ta ga ba za a ɗaga labule ba, ta ajiye hoton a bakin ƙofa, ta ce, "Inna, ga mu nan, in kin so ganinmu." Ta ɗauki ƙunshinta. Har lori ta fita daga ganuwa tana waiwaye.

Zaman ƙauye bai zo da sauƙi ba. Fansho ya yi jinkiri. Zaituna ta koyi noman da ba ta taɓa yi ba, ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na sayarwa, ta yi jinyar surukarta har ta rufe mata ido. Akwai ranakun da Hambali ke wuni bai ce uffan ba, akwai ranakun da ƙarar tsawa ke sa shi ya faɗa ƙasa yana kiran sunayen abokansa da suka mutu. Ta haifi ɗa namiji, bai yi wata biyu ba ya koma. Inna ba ta zo ta'aziyya ba, Isyaku kaɗai ya zo. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, amma duk salla sai ta aika da man shanu da gaisuwa Mandawari, ko da ba a amsa ba.

A hankali Hambali ya koyi tufkar igiya da saƙar tabarma, hannunsa ya faɗa, har daga kasuwannin nesa ake zuwa saye. Ya koma ga karatun da ya haddace tun yana yaro, mutanen gari suka riƙa sa shi gaba in liman ba ya nan. Ba su yi arziki ba, amma ba su kwana da yunwa ba, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Bayan yaƙi ya ƙare da wasu shekaru, wata ranar kasuwa da yamma, Zaituna na sheƙar gero sai ta ga Isyaku ya shigo, wata tsohuwa na dafe da kafaɗarsa. Inna ce. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani sai dishi-dishi. Zaituna ta saki faifai ta rungume ƙafafunta.

Inna ta ce a kai ta wajen maigidan. Aka zaunar da ita kusa da shi a inuwa, inda yake tufka.

"Hambali," ta ce, "yanzu na san yadda duhun nan yake, kuma na san darajar wanda ke riƙe hannun mutum a cikinsa. Ka yafe min."

"Inna, ban taɓa riƙe ki a zuciya ba. Ke kika haifa min ita."

Inna ta laluba ta dafa kan Zaituna, ta sa mata albarkar da ta hana ta a Mandawari. Ba ta koma birni ba. A ɗakin Zaituna ta ƙare kwanakinta, 'yar da ta ji wa tsoron zama 'yar jagora tana jagorantar su biyu ba tare da ta taɓa tuna mata ba.

'Yan'uwa masu karatu, aure alkawari ne, ba a ɗaura shi da lafiyar ido ko nauyin aljihu ba. Iyaye su ji tsoron gori, domin yakan kori mutum zuwa inda ba zai dawo yadda ya tafi ba. Wanda kuma ya riƙe amanar abokin zamansa bai yanke zumunci da iyayensa ba, ko an daɗe, Allah zai haɗa masa biyun. Allah ya ba mu haƙuri irin na Zaituna.