Na Biyar a Jerin Husna

Ƙarfe biyu na rana ne, zafi yana tasowa daga kwalta har cikin ido, ko ganye ba ya motsi a Titin Koudoukou. Ina durƙushe ina wa wani ɗan babur facin taya, sai na ga yayana Isma'ila tsaye a kaina.

"Tashi mu je gida."

"Yaya, lafiya?"

"Na ce ka tashi!"

Tun da Baba ya rasu a shekarar rikici, Yaya ne ubanmu. Ban taɓa musa masa ba. Na ba mai babur haƙuri, na bi shi.

A hanya ya danna wayarsa ya miƙo min. Muryar Husna ce, wadda saura kwana goma sha biyu a ɗaura mana aure. Husna marubuciya ce. A waya take rubuta labarai, mata suna bi tun daga nan unguwar Kokoro har Kamaru da Nijar. Duk ƙarshen shekara takan yi musu saƙon murya, ta lissafa littattafai biyar da suka fi shiga ranta. Bana ta ce duk na matan da suka sha wuya suka miƙe ne.

Ta faɗi na wata ungozoma da ta haye kogi da jaririn da ba nata ba. Ta faɗi wani na Faransanci, na matar da ta fito kurkuku ta koyi ɗinki. Ban ji na uku da na huɗu ba, don na riga na gane inda za ta nufa.

"Na biyar ba a buga shi ba," in ji muryar. "Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, an cika shi da ajami. Wata uwa ce ta rubuta. Rikici ya rutsa da ita a unguwar Miskine, maƙwabciyarta Kirista ta ɓoye ta wata uku, ta sa mata suna Mari. Da rana ta soya ƙosai a bakin coci, kanta ko ɗankwali babu. In an rufe ƙofa ta rama sallolinta a zaune bayan buhunan gari. 'Yan'uwa, ban taɓa karanta irinsa ba..."

Husna ba ta faɗi suna ba. Amma duk unguwarmu ta Kilomita Biyar an san mace ɗaya ce ta dawo daga Miskine da ƙafarta bayan an yi mata addu'ar arba'in. Innarmu.

"Wa ya ba ta?" Yaya ya tambaya.

Na miƙa masa wayarsa, kaina a ƙasa.

Ni ne. Ina kwashe adakar Inna don a shafe ɗaki na tsinci littafin. Boko a aji uku na bar shi, amma allo na yi, ajami ina karantawa a hankali. Husna kuwa ta cinye littattafai ɗari, ajami ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Kullum ita ke ba ni labari, ni ina gyaɗa kai. Karo ɗaya na samu abin da zan karanta mata. La'asar bakwai muka yi a zaurensu, ina bin layi da yatsa, tana kuka tana cewa, "Ci gaba, Sha'aibuna, kada ka tsaya." Wallahi ban taɓa jin ni mutum ba kamar a kwanakin nan. Ban tambayi Inna ba.

Muka isa gida, ashe Yaya ya riga ya aika an kira Husna. Ta tuɓe takalmanta a tsakar gida, ta durƙusa a bakin tabarma, idanunta jajir. Inna tana ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Yau a masallaci wani ya tare ni," in ji Yaya. "Wai da gaske ne uwarku ta yi coci? Ni za a tambaya! Shekaru ina toshe bakin mutane, yarinya ta buɗe shi a minti shida!"

"Yaya, ba haka na ce ba..." in ji Husna.

"Ba da ke nake ba! Sha'aibu, ka ji ni. Ni ne zan karɓar maka aure, to na fasa. Ko ka bar ta, ko ka nemi wani yayan."

"Yaya, laifina ne. Ni na ɗauka, ni na karanta."

"Kai ka hau waya da shi?"

Na dubi Husna. Ta girgiza min kai, wai kada in yi musu saboda ita. Yaya ne ya goya ni muka ƙetare unguwa ana harbi. Husna kuwa ita kaɗai ce ba ta taɓa dariya ba in na yi tuntuɓe a karatu.

"Inna," na ce, "ki yafe min. Duk abin da kika yanke, shi zan bi."

Inna ta ajiye faifan.

"Sa min in ji."

"Inna, ba sai kin..."

"Isma'ila, sa min."

Ya sa. Muka saurara tun daga na ɗaya. Da aka zo na biyar, Inna ta rufe ido. Da saƙon ya ƙare, ta buɗe.

"Husna."

"Na'am, Inna."

"Kin yi ba daidai ba. Abina ne, ni ya kamata a tambaya."

"Haka ne, Inna. Ki gafarce ni." Hawaye suna ɗiga a kan hijabinta.

"Sannan kin yi kuskure. Ba wata uku ba ne, huɗu ne da kwana tara. Kuma me ye *maƙwabciyarta Kirista*? Ba ta da suna ne?"

"Na ɓoye ne don kada a gane ki..."

"Odile. Sunanta Mama Odile. Sau biyu aka zo ƙofarta da adda, ta tsaya ta ce ƙanwarta ce ni. Ta mutu bara, ban je ba. Kun san me ya hana ni? Tsoron bakin mutane." Ta juya ga Yaya. "Kai ka toshe nasu, ka haɗa da nawa."

"Inna, mutuncinki nake karewa!"

"Na sani, babana. Ka yi ƙoƙari. Amma sallata ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba, Allah shaida ne. Wanda ya sake tare ka, turo min shi, ina gida." Ta ɗauki faifanta, ta sake ajiyewa. "Auren nan kuma kai za ka karɓa. Mai karanta ajami da mai baza labari, in aka raba su wa zai gyara min kuskuren nan?"

Sannan ta juya ga Husna.

"Matso, 'yata. Ina ake dannawa a yi maganar?"

Husna ta rarrafa kusa da ita, ta nuna mata. Ta ɗago ta dube ni.

Inna ta gyara murya. "Salamu alaikum, matan karatu. Ni ce ta biyar ɗin..."

Yaya ya juya ya nufi ƙofa, fuskarsa a ɗaure. A tsakiyar gida ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauke takalman Husna daga rana, ya ajiye su a inuwar rumfa, ya fita. Ita ba ta gani ba, ni kuma ban faɗa mata ba.