Lungun da Ba a Zuba wa Wake Ba

"Ko ni ko zomon nan, ɗaya zai bar gidan nan ranar Asabar!"

"To fara haɗa kayanka, Baban Dasom."

"Dubi yatsana! Dubi, mana!"

"Na gani. Jiya ma na gani. Wa ya aike ka ka zura hannu a kejinsa?"

Pyo Mansu ya tsaya a tsakiyar falo yana nuna wa matarsa Hyeran yatsa naɗe da bandeji. Tun da suka tare a wannan tsohon bene na birnin Gunsan a ƙasar Koriya, Gamja, zomon 'yarsu, ya canza hali. A da lasar hannu yake yi. Yanzu da an matso sai ya kwantar da kunnuwa, ya yi gurnani, ya kawo cafka. Mansu ya riga ya yanke shawara: zai kai shi kan tudun bayan unguwa ya sake shi. Kowa a gidan ya san kuliyoyin tudun ba za su bar shi ya kai safiya ba.

'Yar tasu, Dasom, ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana zaune a baranda gefen kejin, ta juya musu baya.

Rana ta gangara can wajen teku. Hasken da ke jikin bango ya yi ja, ya dushe, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Sai Gamja ya buga ƙafar baya a ƙasa. Ya sake bugawa. Wata 'yar tsakuwa ta taso daga tukunyar furen da ke baranda, ta ratsa falon a hankali, ta daki firji. Ta biyu ta faɗa cikin miyar da ke kan wuta.

"Dasom," in ji uwar, "bar wasan nan."

"Ku rage min hayaniya," in ji Dasom, amma da muryar tsoho mai tsohon tari. Ta juyo. Akwai busasshiyar ciyawar zomo a bakinta, tana taunawa.

Haka aka yi ta yi. Da rana yarinya lafiya lau, ta je makaranta ta dawo. Da magariba ta kawo jiki sai ta koma gefen kejin ta takure, tsakuwa ta fara yawo, zomo na dukan ƙasa yana gurnani yana kai wa iska cizo. Hyeran ta daina iya zama wuri ɗaya. Ta ɗora tukunya ta sauke, ta buɗe taga ta rufe. Mansu kuwa ya koma shan taba a kan matakala, yana cewa duk aikin zomon ne.

Ranar Juma'a da yamma Hyeran ta kawo Kaka Bokrye, mai aiki da aljanu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce da takalmin gudu, ta iso tana haki.

"Hawa huɗu babu lif! Aljanin da ya hawo nan ba ƙaramin mabuƙaci ba ne."

Ta zauna a ƙasa, ta buɗe mafici, ta kama kaɗa 'yan ƙararrawoyinta. Ta daɗe tana kaɗawa. Duhu ya cika lungunan ɗakin, ƙarar motocin titi ta yi nisa.

"Wane ne kai?" in ji tsohuwar.

"Mai gidan," in ji muryar daga bakin Dasom. "Ina bayan tsohon kabad tun kafin a haifi wancan mai yatsan. Ban taɓa damun kowa ba. Sai wannan matar ta zo."

"Ni?" in ji Hyeran. "Me na yi?"

"'Me na yi?'" Muryar ta kwaikwaye ta, har da ɗan lanƙwasa wuya. "Jan wake da gishiri! Kowane lungu, kowace taga, har bakin ƙofa!"

Hyeran ta dafe ƙirji. Abin da uwarta ta koya mata ne ta yi ranar tarewa: tukunyar shinkafa ta fara shiga, sannan a watsa jan wake da gishiri don korar mugun abu.

"Ke kuma da wace ƙofar kika fara?" in ji Kaka Bokrye.

"Da ta shigowa."

"'Yar nan! Daga ciki ake farawa a ƙare a ƙofa. Kin rufe hanya sannan kin ce masa ya fita."

Lungu ɗaya ne kawai wake bai taɓa ba. A ranar Dasom ta tsaya a gaban kejin ta ware hannuwa, ta ce wake na ɓata cikin zomo, ko ƙwaya ɗaya ba za a zuba a nan ba. Nan aljanin ya gudu ya raɓe.

"Sai ka shiga jikin zomon," in ji Mansu.

"Na gwada. Wannan abin ba dabba ba ne, soja ne. Kullum magariba sai ya yi min duka. Na shiga yarinyar ne don ita kaɗai ba ya cizo."

Aka shiga cinikin abin da za a ba aljanin ya fita. Ya ce kan alade guda da kiɗan ganga har gari ya waye. Tsohuwar ta ce kwanon shinkafa da miya. Ya ce to a ƙara giyar shinkafa tulu ɗaya. Ta ce kofi. Sai muryar ta yi laushi, idanun Dasom suka juya kan ubanta.

"Kai, mai yatsa. Mu yi magana ta maza. Ni ba sai na fita ba. Ka kai zomon tudu gobe kamar yadda ka ce, ka bar min lungun. In sakar maka 'yarka yanzu."

Mansu ya buɗe baki. Sai ya ga hannun 'yarsa. Fuskar ta tsoho ce, murmushin ma na tsoho ne, amma yatsun sun riƙe wayar kejin gam har sun yi fari, Gamja kuma ya manna hanci a jikinsu.

"A'a," in ji Mansu. "Zomon na nan. Kai ne za ka fita."

"Ya cije ka fa!"

"Ya cije ni. Fita."

Hyeran ta rarumo tsintsiya ta share wake da gishirin bakin ƙofa tas. Kaka Bokrye ta ajiye kwano da kofi a waje, ta ɗauki wuƙar kicin ta zagaya kan yarinyar da ita, ta wurga ta waje. Tsinin ya kalli cikin gida, alamar aljanin bai yarda ya tafi ba.

"Miyar ba gishiri," in ji muryar.

"Da gishirin kake so? Tafi!" in ji tsohuwar.

Ta sake wurgawa. Tsinin ya kalli matakala. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin ƙafafunsu, suka ji tari yana sauka hawa-hawa har ya ɓace. Dasom ta tofar da ciyawa, ta fashe da kuka da muryarta.

Mansu ya share ido, ya sunkuya, ya zura hannu don ya shafa zomon. Gamja ya cafke masa wani yatsan.

"Kaka! Bai fita ba!"

"Ya fita. Wannan tsakaninku ne." Tsohuwar na ɗaura takalmi. "Kana sauko masa daga sama kamar shaho, kana kutsa masa hannu cikin ɗaki. Buɗe kejin, ka kwanta a ƙasa, ka yi shiru. Kada ka taɓa shi. In ya ga dama zai zo."

Ranar Litinin da safe Hyeran ta fito ta tarar da mijinta rub da ciki a falo, cikin rigar aiki da laktaye. Gamja na zaune a tsakiyar bayansa yana wanke fuska. Dasom na tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta, ta toshe baki da hannu.

"Baban Dasom, bas zai wuce ka."

"Yi a hankali," ya ce cikin raɗa, kumatunsa manne da ƙasa. "Ki kira ofis ki ce musu an hau ni."