Bashin da Aka Rataya wa Latifatu

Tun da aka rufe mijinta Abduljalil, Latifatu ba ta ƙara ganin rana ba sai ɗan hasken da ke leƙowa ta ƙasan ƙofa. Ɗakin da Ubale, yayan marigayin, ya ba ta don yin takaba a gidansa na unguwar Waziriyya ba shi da taga, zafin Jidda kuwa ba ruwansa da mai hawaye. A nan take yini tana yanka nama siriri-siriri tana jerawa a tsinke, ta daka ƙuli da yaji har kafaɗunta su sage, da la'asar Ubale ya kwashe ya tafi wurin gashin tsirensa a Bab Makka. Wai da wannan bautar ake rage bashi!

Ko sadakar uku ba a yi ba ya tsaya mata a bakin ƙofa. "Mijinki ya bar bashin katin banki, irin wanda ake ci yau a biya gobe. A ƙasar nan matar mamaci ake kamawa, kuma an riga an hana ki fita. Kawo fasfo da iƙamarki ta izinin zama da wayar in ɓoye, kada a biyo sawunki."

"Yaya, Innata na kwance a Ƙauran Namoda," ta ce. "Ni kaɗai gare ta, kullum tambaya take yaushe zan zo..."

"Halas, magana ta ƙare. Ko aiki a nan, ko kurkuku. Kuma kin sani, mai bashi ba ya samun kwanciyar kabari."

Wannan kalmar ce ta karya ta. Abduljalil da bai taɓa ɗaga mata murya ba, a ce yana can bai huta ba? Ta cire warwaronta da 'yan kunnen aurenta ta miƙa. Baiwar Allah, Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba, takaba ta ɗaure mata ƙafa, wa za ta tambaya? Duk lokacin da ta ce saura nawa, sai Ubale ya ce bashin banki haihuwa yake yi. Wata rana ma yana kwasar tsinke ya ce, kamar mai ba da labarin kasuwa, an bugo daga gida idon tsohuwarta ya rufe, ta daina gani. Ranar Latifatu ta kife a kan sallaya ta yi kuka har ya daina fita. "Ya Allah, Kai ne gatan marar gata... kada Ka ɗauke ta ban gan ta ba."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar fitar takaba sai ga Zakiya, dattijuwar maƙwabciyarsu haifaffiyar Jidda, da sabon zane da lalle. Ubale ya so ya yi gardama, ta dube shi sama da ƙasa. "Aib, abin kunya ne, Ubale. Yau dole ta fita ta gaida mutane. Yalla, ya binti, mu tafi 'yata."

Suna shan kwana Latifatu ta riƙe hannunta. "Khala, uwata, kai ni bankin nan. Gara in miƙa kaina su yi yadda za su yi da ni, ko za su bar ni in ga Innata tukuna."

A banki ta durƙusa gaban wata ma'aikaciya mai suna Mashael, ta miƙa tsohuwar iƙamar marigayin da ta adana cikin kayanta. Zakiya na fassara, ma'aikaciyar ta tambaya ko ta taɓa sa hannu a katin, ko ta tsaya masa. Ta ce ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

"To ba mu bin ki komai," in ji Mashael. "Bashin mamaci daga abin da ya bari ake cirewa, ba daga wuyan matarsa ba, kuma babu wanda ya hana ki tafiya." Ta sake duban na'urarta, fuskarta ta canza. "Ya rasu kuka ce? Jiya ma an yi sayayya da katin nan."

Innalillahi! Ashe Ubale ne ke shan romon katin ƙaninsa, yana kuma shan gumin matarsa. Banki ya kai rahoto, kafin magariba 'yan sanda suka ɗauke shi a gaban wutar tsirensa, katin na aljihunsa, aka fito da fasfonta daga akwatinsa. Ɗan abin da marigayin ya ci da hannunsa aka biya daga kuɗin motar da ya bari, sauran ya hau kan Ubale, kurkukun da yake tsorata ta da shi ya zama makwancinsa.

Da Latifatu ta koma gida ta yi sallama a ɗakin Inna a Ƙaura, tsohuwar ta yunƙura tana lalube, hawaye na bin idanun da ba sa gani.

"Ido ya gaji da jira ya tafi, 'yata," ta ce. "Amma na riƙe miki kunne. Matso kusa, ki sake yin sallamar in ji."