Irin Nonon Mma Damata

A tashar Yendi suka fara haɗuwa. Anisatu ta rungume wata ƙaramar kula ta ƙi bari kwandasta ya ɗora ta saman mota, Ayyub kuwa, ɗan Bawku mai fataucin albasa, ya tsaya yana ta dariya. Ya tambaye ta ko zinariya ce a ciki. Ta ce ruwan tafki ne daga garin Makango, za ta kai ɗakin gwaje-gwaje, tana farautar wani bairas mai cin bakteriya. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya ba ta kujerarsa ta gefen taga, ya kuma karɓi lambarta.

Kafin ta isa gida Salaga saƙo ya shigo: "Malamar ruwa, kin sauka lafiya? Ni dai na iso, amma hankalina bai iso ba."

Ta mayar: "Alhajin albasa, ka neme shi a tasha."

Soyayya ta yi nisa, har ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Mma Damata, wadda kindirmonta ya yi suna a unguwarsu. Irin da take zubawa a sabuwar madara, wato ɗan ragowar nonon jiya, tun daga hannun uwarta ya taso, bai taɓa yankewa ba. Anisatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta sha fura, ta koma.

To, ka ji rashin sa'a. A makon nan madarar Mma ta ƙi yin barci. Ta dafa, ta zuba iri, gari ya waye tana nan tsululu. Masu saye suka fara komawa wani gida. Maƙwabta kuwa, da ma abin faɗa suke nema, suka ce baƙuwar Salaga farar ƙafa gare ta. Mma ta ce wa Ayyub ga Nusrat ɗiyar ƙanwarta nan, ita dai ba za ta haɗa zuri'a da wadda ta kashe mata sana'a ba.

Da Anisatu ta ji, ta yi kuka sosai, don abin ya yi mata ciwo. Ta daina ɗaukar wayarsa. Ya rubuto: "Zumana, ko duniya za ta tsinke kamar madarar Mma, ke nake so. Ki yi min magana."

Sai ta share hawaye ta tambaye shi yadda madarar take lalacewa. Da ya gama bayani ta san ɓarawon.

Ta biya Yendi gidan goggonta Zenabu, ta karɓo irin nono a cikin kular nan, ta wuce Bawku. Mma ko kallonta ba ta yi ba. Anisatu ta zauna a ƙasa.

"Mma, akwai wasu ƙananan halittu a cikin irinki, su ke sa madara barci. Kowace tana da mai karanta mata umarnin aikinta. Wani bairas ne ya shige su, wasu sinadaransa da ake kira furotin suka kama mai karatun nan, suka juya shi. Ya bar umarnin gida yana karanta na baƙo, sai ƙwayar ta daina yin nono ta koma haihuwar bairas har ta fashe."

Ta ce kullum Mma ta ɗebi irin jiya, da ɓarawon take ɗiba. Sai an ƙona ƙore da ludayi da tafasasshen ruwa, an sauya iri.

Idon Mma ya ciko. Irin uwarta ne fa ake cewa ta zubar. Ta ce za ta gwada a sabuwar ƙwarya guda, ba don ta yarda ba.

Da safe ta tsoma ludayi, ya tsaya cak. Ta ɗanɗana, ta dubi Anisatu da ke shara a tsakar gida.

"'Yata, ajiye tsintsiyar nan. Na zalunce ki, ki yafe min."

An ɗaura aure a Salaga bayan girbi. Mma da kanta ta yo tafiya da ƙwaryar kindirmo a cinya, ta ƙi bari a ɗora ta saman mota. Ta ɗura wa amarya ludayin farko, ta ce, "Na uwata ya tafi, na gidanku ya riƙe ni. Allah Ya sa zuri'arku kada ta yanke."

Ayyub ya amsa amin ɗinsa da ƙarfi, har mata suka yi ta yi masa tsiya. Allah Ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka.