Hannun da Aka Shafe a Bangon Hay el-Sabi'

Ranar Juma'a ce, ana saukowa daga masallaci, aka kira Sufeto Bakri unguwar Hay el-Sabi' da ke Misra. Kakarsa Bahaushiyar Sudan ce, shi ya sa in abu ya shafi 'yan Najeriya shi ake turawa.

Gawar Zaid mai zane, ɗan Najeriya, na kwance gindin bangon da ya zana, ƙeya a fashe. Allah sarki, yaro ɗanye. Hannu biyu ya zana riƙe da kofin shayi ɗaya, nasa baƙi, na matarsa Duaa, Bamisriya, fari. An shafe na matar da baƙin fentin mai, bai ma bushe ba.

Kafin Bakri ya iso har an tsare Harun, wan Duaa, don kowa ya san yadda ya ƙi auren.

"Na ƙi, ban ɓoye ba," in ji Harun. "Har na kira shi bawa. Amma da ni ne, ai hannunsa zan shafe, ba na ƙanwata ba."

Bakri ya duba hannayen Harun, babu ɗigon fenti ko ɗaya.

A barandar ofis Duaa ta tare shi, ido ya kumbura. "Sufeto, miji ya tafi. Kar ka haɗa min da ɗan'uwa sai ka tabbata."

Sai Bakri ya wuce ɗakin ɗalibai, wajen Abdulbasit, ɗan baffan mamacin, mai karatun fiƙihu.

"Ina kake kafin sallar Juma'a, Malam?"

"Ina nan ina karatu, daga nan sai masallaci."

"Kana son zanen?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ni ban ma taɓa kallonsa ba."

Ya miƙo wa Sufeto ruwa. Kofin sai warin kananzir. Bakri ya riƙe masa wuyan hannu: fata ta yi ja, ta saɓule, gefen farce da ɗan baƙi-baƙi.

"Risho gare ku a nan?"

"Gas ne."

"To, Malam, in tambaye ka. Mutum da fentin mai a hannu, alwalarsa ta yi?"

"Ba ta yi ba, ruwa ba ya kaiwa ga fata..."

"Shi ya sa ka dirje shi da kananzir don kar Juma'a ta wuce ka."

Abdulbasit ya zauna daɓas.

"Matan gida sun ƙare ne? Ya ɗauko bare, ya kuma baje ta a bango kowa na gani. Hannun kawai na je shafewa. Ya zo ya riƙe ni, na ture shi. Wallahi turewa kawai na yi."

"Ka tsaya ka ga ko yana numfashi?"

"An kusa tada salla."

Bakri ya ciro ankwa.

"Khalas, shi ke nan. Yalla, mu je."

Da la'asar aka saki Harun. Ya bi Duaa har gindin bangon, ta sa tsumma tana goge fentin, ya ƙi fita. Harun ya karɓi tsumman ya ci gaba.