Bireka Ta Bakwai

Tsohon malamin makarantar ya zaɓi gab da magariba don aikin, lokacin da ba a guga, ba a girki. Sau uku a makon nan wutar ɗakin matarsa tana faɗuwa, injin numfashinta ya tsaya. Dole ya gano wace soket ce ke layi ɗaya da injin.

Ya fara juya matar kan ƙaramar tukunyar iskar da asibiti ya ba su. Sannan ya ɗauki rediyo da fensir. Sai ya jona rediyon a soket, ya ƙure murya, ya je akwatin wuta a lungun baranda yana kashe bireka ɗaya bayan ɗaya. Inda rediyon ya yi shiru, ya rubuta.

"Malam, ka mai da gidan nan aji," in ji ta daga gado.

"Ke dai ja iskarki. Saura kaɗan."

Bireka shida suka cinye duk soket ɗin gidan. Ashe firji ne ke tare da injin. Ya jona injin a wani layin, ya mai da matar kansa. Aiki ya ƙare.

Amma bireka bakwai ne. Ta bakwai an naɗe ta da baƙin salatif, a kunne. Shi kuwa bai taɓa barin layi ba rubutu ba.

Ya ɓare. Ya kashe.

Ko ƙwan fitila ɗaya bai mutu ba. Sai dai wani gunji a cikin bango, wanda bai san yana ji ba tun tarewarsu, ya ɗauke.

Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ya taso. Wani abu ya goga bangon daga ciki, ya nufi ɗakinta.

Injin ya sauya sauti. Ja biyu, ja biyu.

"Malam." Muryarta ta zama zare. "Wani yana ja tare da ni."

Ya ɗaga birekar. Ta faɗo.

Ya sake. Ta faɗo.

"Iskar ba ta isata, Malam..."

Ya danne ta da babban yatsa, ya jingina duk nauyinsa. Robar ta yi zafi. Ya ji ƙaurin fatarsa. Daf da kunnensa, daga cikin siminti, aka ce a hankali:

"Mu ma marasa lafiya gare mu."

Bai saki ba. Ya yi ta karanto duk addu'ar da ya sani, har gunjin ya dawo, har matar ta yi tari.

Washegari ɗansu ya kwashe su zuwa gidansa. Yatsan ya warke, ya bar tabo.

Bayan wata ɗaya mai gyara ya zo duba injin. Ya daɗe yana kallon ma'aunin, ya sosa ƙeya.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Amma wa kuke haɗa ta da shi? Iskar mutum biyu yake bayarwa."