Tayar da Ke Sacewa Ran Lahadi

Ranar Asabar da la'asar masu dawowa daga gona suka tarar da motar Alhaji Hambali a rami, a hanyar Iware. Tayar gaba ta dama ta fashe, doya ta watse a kwalta, direba Obadiya na ciki da karyayyar ƙafa. Kafin magariba 'yan sanda sun kama Manasseh mai faci na unguwar Mayo Gwoi. Alhaji ya rantse cewa shi ya yi wa tayar mugun aiki don a riƙa koma masa. Mako biyar tana sacewa, sau uku an kai masa, sau uku ya ce lafiyarta ƙalau.

Baba Manga, shugaban masu faci, shi ya koya wa Manasseh sana'ar. Da Sufeto ya tambaye shi ko mutumin nasa zai iya yin haka, sai ya ce, "Mutanen yanzu ba a rantse musu." Bai faɗi cewa shi ma an taɓa kawo masa tayar nan, ya tsoma ta a ruwa, bai ga komai ba. Girman kai ya hana shi. Maganar ta kwana a wuyansa, washegari ko karyawa bai yi ba ya koma caji ofis.

Ya sami Manasseh zaune a ƙasa bayan kanta, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

"Ka duba ƙusa?"

"Na cire ɗaya tun farko, Baba. Na liƙa faci daga ciki."

"Bakin rim fa?"

"Na kankare tsatsa, na shafa ruwan sabulu. Babu kumfa."

"Bawul?"

"Na tofa masa miyau yadda ka koya mini. Shiru." Ya ɗago kai. "Na ji abin da ka gaya wa Sufeto."

Manga ya juya wurin 'yan sanda. Ya nemi a nuna masa tayar. Ya sa hannu ciki, facin na nan daram. Robar ba ta tsufa ba, rim, wato ƙarfen da tayar ke kai, bai lanƙwashe ba sai inda ya bugi dutse. Amma cikin tayar cike yake da baƙin gari, alamar ta yi tafiya da ƙarancin iska har ta yi zafi ta fashe. Ya kai hannu kan murfin bawul, bakin da ake sa wa taya iska, zai cire, sai ya ji shi tamau, har sai da ya sa ƙarfi. Nan ya tsaya. Mai faci ba ya ɗaure murfi haka, murɗawa biyu yake yi ya kira na gaba. Ya juya murfin ya leƙa. A can ƙasa ƙwayar dawa ce guda, manne. Ya taɓa da harshe. Da ƙaro aka manna ta.

Ya wuce asibiti wurin Obadiya.

"Wace rana take sacewa?"

"Lahadi, Baba. In dawo daga coci in same ta kwance. Litinin in kai faci, ta yi sati lafiya."

"Kana tuƙi ran Lahadi?"

"Haba! Ranar Allah? Alhaji ke tuƙa kansa zuwa gona. To, sati biyar bai je ba, shi ba ya iya canja taya."

"Jiya fa?"

"Bayan azahar ya ce in ɗebo doya. Ban duba taya ba, Asabar ce ai, ba ranarta ba. Da na san tayar ta fara aikin Asabar da na nemi ƙarin albashi."

Manga ya cire shi daga zargi. Mutum ba ya sassauta taya sannan ya hau kanta da kaya.

A unguwar Barade ya sami Alhaji Hambali a zaure, yana ta faɗa. Manga ya bar shi ya gama, sannan ya miƙa masa murfin. Hannun Alhaji ya wuce ta gefe, ya lalubo, a karo na biyu ya kama.

"Me ka gani a ciki, Alhaji?"

"Me zan gani? Roba ce. Ka zo roƙon arziki ne wa ɓarawon naka?"

"Na zo gaida Hajiya."

A tsakar gida huluna ne jere a kan katakai suna shan rana, ga roba da jiƙaƙƙen ƙaro a gefe. Wankin hula ne sana'ar Hajiya Furera, matar Alhaji. Suka gaisa. Manga ya ajiye murfin a bakin tabarmarta.

"Jiya kina gida, Hajiya?"

"Na je suna Mayo Gwoi, can na kwana."

"Ƙarfe nawa kika fita?"

"Da hantsi."

"Shi ya sa kika ɗaure shi da wuri, ba ki jira dare ba."

Burushin wankin hula ya faɗi daga hannunta. Alhaji ya biyo bayan Manga, yana tsaye a ƙofa.

"Bari in faɗa, inda na yi kuskure ki gyara," in ji Manga. "A cikin bawul akwai ɗan tsinke, in an danna shi iska ta fita. In murfin nan na sakwa-sakwa, dawar ba ta kai wa gare shi. In an ɗaure tamau, sai ta danna shi kaɗan, iska ta riƙa zurarewa ba ƙara. Mu kuwa abu na farko da muke yi shi ne mu cire murfi mu jefa a aljihu, sannan mu tsoma taya a ruwa. Sai mu bar cutar a aljihunmu muna nemanta a baho. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa leƙa cikin murfi ba, haka kuma na koya wa Manasseh. Shi ba ya shigowa gidan nan. Obadiya ga ƙafarsa. Saura wanda ke da ƙaro, yake kusa da mota kowace Asabar, kuma ba ya son ta fita ran Lahadi."

"Ni ce," in ji Hajiya Furera. "Wata biyu da suka wuce ina gaban mota Alhaji ya bi ta kan akuya, ya ce rami ne. Na roƙe shi ya bar tuƙi tunda ba ya gani sosai, ya ce in shiga harkar hulunana. Na ji tsoron ranar da zai zama ɗan wani. Ban san zai aiki Obadiya jiya ba. Da labari ya same ni a gidan suna na so in yi magana, bakina ya ƙi. Ga bawan Allah a asibiti, ga wani a kulle, ni ina nan ina goge hula."

"Hajiya, ba ke kaɗai bakinki ya ƙi ba," in ji Manga. "Amma ɗauko mayafinki."

Alhaji ya matso daga bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Tare za mu. Ni na kai ƙara, ni zan janye. Malam Manga, riƙe mini hannu. Ba na ganin dakalin nan."

A gaban Sufeto, Hajiya ta faɗi nata ba ragi. Aka rubuta, aka ce sauran magana sai an ji ta bakin Obadiya. Manga ma ya faɗi nasa: cewa ya gwada tayar da hannunsa, bai ga komai ba, ya ɓoye. Aka buɗe wa Manasseh, aka ba shi takalmansa.

A bakin ƙofa tsohon ya cire hularsa a gaban wanda ya koya wa sana'a.

"Na ci amanarka, Manasseh. Ka yafe mini."

Manasseh ya gama sa takalmansa tukuna.

"A nan ba wanda ya ji, Baba. Gobe ka zo rumfa, lokacin da direbobi suka taru. Can za ka faɗa."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Zan zo," in ji Manga.